Ga Samarin Kilomita Biyar: Sa'a Tana Neman Wanda Yake A Farke

Akwai wata magana da ba ta barin bakin samarin unguwar nan, kuma duk lokacin da na ji ta sai raina ya sosu. Idan aka ambaci yaron da a da kowa ya san shi da ƙwaya, amma yanzu ya shiryu, ya kama sana'a, har ana batun kai kuɗin aurensa, sai ka ji abokansa na da sun ce: "Ai wane sa'a ya taka." Wani ya ce ubangida ya samu. Wani ya ce kawunsa ne ya dawo daga Duwala da kuɗi. Daga nan sai mai maganar ya gyara zama a kan benci, ya ce shi ma ranar da tasa sa'ar ta zo zai daina.

'Ya'yana da ƙannena, ku da kuke wuni tsakanin titin Kuduku da kasuwar Mamadu Mbaiki, da ku nake. Wannan jiran ya cinye mutane da yawa a gaban idonmu, wasu ma mun raka su makabarta suna kan jiran. Abin da kuke kira sa'a a rayuwar wancan yaron, ƙarshensa kawai kuka gani. Ba ku ga daren da ya kwana yana juyi a tabarma ba. Ba ku ga ranar da ya kewaye ta wani lungu don kada ya bi ta gabanku ba. Aiki ya yi, kuma aikin da babu wanda zai gagara a cikinku.

Amma bari in fara ba ku haƙƙinku, domin ba daga sama wannan jaraba ta faɗo muku ba. Yaron da aka haifa a 2005 bai wuce shekara takwas ba lokacin da 'yan tawayen Seleka suka shiga Bangi ranar 24 ga Maris 2013. Ranar 5 ga Disamba na wannan shekara 'yan anti-balaka suka afka wa birnin, aka shiga kashe-kashen da ba mai son tunawa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce Musulmin Bangi sun kai kusan 122,000 kafin rikicin, amma zuwa 2015 waɗanda suka rage a Kilomita Biyar ba su wuce 15,000 ba. Sauran sun yi Cadi da Kamaru, wasu kuma ba su kai ko'ina ba. Waɗanda suka tsaya sun zama kamammu a cikin unguwarsu, tsallake gada guda kan iya zama ajalin mutum. Karatu ya tsaya. Ƙungiyoyin da suka fito da sunan kare unguwa suka rikiɗe suka koma karɓar haraji daga 'yan kasuwa da bakin bindiga. An yi artabun Afrilun 2018 lokacin da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka shigo kwance musu ɗamara, an kuma yi na ƙarshen Disambar 2019 tsakaninsu da 'yan kasuwa, inda mutane fiye da 30 suka rasa rayukansu. A cikin waɗannan shekaru ne tiramol ya samu gindin zama. Mai bindiga yana sha don ya kashe tsoro, ɗan kabu-kabu yana sha don ya kai dare, ɗan dako yana sha don kada ya ji bayansa, yaron da ya ga an kashe mahaifinsa yana sha don ya samu ya runtsa.

Shi ya sa ba na cikin masu kiran ku 'yan iska. Na san da yawanku ciwo ne kuke rufewa. Sai dai ga gaskiyar da ba ta da daɗin ji: waɗanda suka jefa ku cikin wannan hali ba za su dawo su fitar da ku ba. Wasu sun mutu, wasu sun bar ƙasar, wasu suna nan suna cin kuɗinsu, 'ya'yansu na makaranta.

Ya kamata ka san abin da kake haɗiya. Tiramol magani ne na gaske. Wani kamfanin Jamus, Grünenthal, ya haɗa shi a 1962, aka fara sayar da shi a 1977, don rage raɗaɗin wanda aka yi wa tiyata ko wanda ya karye. Ƙwayar da likita ke rubutawa yawanci miligiram 50 ce, kuma iyakar abin da aka yarda babban mutum ya sha a wuni guda shi ne miligiram 400. Wadda ake sayar maka a tebur ko a bayan shago kuwa 120 ce, ko 200, ko 225, har 250, mafi yawanta daga Indiya. Ka lissafa da kanka: guda biyu na 225 sun riga sun haura iyakar wuni, kai kuwa ka watsa su cikin shayi tun kafin hantsi. Wannan ne dalilin da za ka ga saurayi lafiyayye ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, mutane su ce aljanu ne. Ba aljanu ba ne, maganin ne ya yi wa ƙwaƙwalwa yawa, kuma idan abin ya same shi a kan babur sai dai a kwashi gawa biyu. Da Indiya ta tsaurara doka a kan tiramol a 2018, masu wannan fatauci ba su tuba ba, sai suka koma turo wasu ƙwayoyin da suka fi shi ƙarfi, cikin irin kwalin da ka saba gani. Abin bai tsaya a kanmu ba. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka taɓa kayan maye a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma irin waɗannan magungunan kashe raɗaɗi suke sha ba bisa umarnin likita ba. A Mayun shekarar ne gwamnatin ƙasar ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC da ya tayar da hankalin kowa. Kasuwa ce babba, kuma kai ne ribarta.

Yanzu mu zo kan sa'a. A ina ake samunta a Kilomita Biyar? Unguwar nan da kasuwa take rayuwa, kasuwa kuma da amana take tafiya. Je ka tsaya da sassafe ranar da mota ta iso daga Duwala, bayan ta keto hanyar Garwa-Bulai, tafiyar fiye da kilomita 1,400. Ga buhunan shinkafa da fulawa, ga katan-katan na sabulu da jarkokin mai. Alhaji yana tsaye a ƙofar shago da littafinsa da biro, samari sun yi cirko-cirko kowa na son a ce ya ɗauka. Ka lura da idon Alhaji. Ba ƙwanji yake dubawa ba, fuska yake kallo. Ya san wanda idonsa ya kaɗa, ya san wanda maganarsa ke jan ƙafa, ya san wanda ke yawan soshe-soshe. Ba zai ce komai ba, zai dai nuna wani da biro. Wanda aka nuna yau, idan gobe ma yana wurin a kan lokaci, za a sake nuna shi. Bayan 'yan makonni sai a aike shi da 'yan kuɗi kaɗan, a kuma ƙirga canjin da ya dawo da shi. Wata rana Alhaji zai bar kuɗi a kan teburi da gangan ya tafi masallaci. Idan ya dawo ya tarar da su yadda ya bar su, ba zai yabe shi ba, amma ya rubuta a zuciyarsa. Haka ake tafiya har ranar da za a ba shi kaya bashi ya je ya sayar ya kawo uwar kuɗi, har ranar da za a yaye shi da jarinsa. Wannan ranar ce mutanen benci ke gani su ce ya taka sa'a. Yawancin manyan 'yan kasuwar da kuke rusuna wa ta wannan hanya suka bi, ku tambaye su.

Damina a Bangi ba ta tsallake rufin kowa. Ruwa ɗaya ne ke sauka a kan gidan mai kuɗi da na talaka, amma da safe wanda ya tara durom a ƙarƙashin indararo shi ke da ruwan wanki. Dama ma haka take sauka a unguwar nan, ƙwaya kuma huda gindin durom take yi. Sau nawa aka neme ka da aiki aka tarar kana barci da azahar? Sau nawa wani ya so ya ambaci sunanka a gaban mai neman yaron shago, sai ya tuna halinka ya haɗiye maganar? Ba ka ma san an yi ba, shi ya sa kake ganin kai ba ka da sa'a.

Wani zai ce, "Baba, ai komai ƙaddara ce, idan Allah ya nufa zan bari." Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma ban taɓa ganin wanda ya zauna jiran ƙaddara ta kawo masa ƙwayar ba. Idan ta yanke, kana iya taka ƙafa cikin ruwan sama har wata unguwa, ka ci bashi, ka jinginar da waya, sai ka samo ta. Wanda ya iya wannan fafutukar don ya cutar da kansa bai da hujjar cewa ba shi da ƙarfin nema. Kun kuma san labarin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara. Addu'ar mahaifiyarka tana nan tana bin ka, amma ƙafarka ce za ta kai ka asibiti.

Na ce asibiti da gangan, domin nan ne samari da yawa ke kuskure. Sai mutum ya yi zuciya dare ɗaya, ya rantse da Alƙur'ani, ya watsar da abin da ke aljihunsa a kwata, ya ce shi namiji ne. Kwana biyu sai jiki ya kayar da shi, ya koma, ya kuma ƙara da kunyar karya rantsuwa. Jikin da ya shekara biyu ko uku yana karɓar tiramol kullum ya riga ya sauya, ba a fizge masa shi lokaci guda. Likitoci rage shi suke yi kaɗan-kaɗan bisa tsari, su kuma ba da abin da zai sassauta gudawa da ciwon jiki da rashin barci. Wanda kuma yake haɗawa da ƙwayar barci irin su diyazefam, ko ya daɗe yana shan giya da yawa, tsayawa farat ɗaya na iya jawo masa farfaɗiyar da za ta kashe shi. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibitin koyarwa na Bangi, kuma ko ma'aikacin jinya na cibiyar lafiya ta unguwa zai iya nuna maka inda za ka dosa. Likitocin wannan fanni ba su da yawa a ƙasar nan, za ka yi jira, wataƙila a ce ka dawo. Ka jira, ka kuma dawo. Idan ka shiga, ka faɗi gaskiyar adadin da kake sha. Kada ka ce biyu alhali shida ne, domin da abin da ka faɗa za a auna maka magani.

Bari in gaya maka abin da za ka tarar, don kada ya zo maka ba shiri. Na zauna kusa da wani yaro a irin waɗannan kwanaki, a ɗakin mahaifiyarsa. Hamma yake ta yi ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina na zuba kamar mai mura. Zufa ta jiƙa masa riga amma yana neman bargo. Ƙafafunsa sun ƙi zama wuri ɗaya, ya miƙe su, ya naɗe, ya buga su da bango. Ya ce ƙasusuwansa ake sara. Cikinsa ya ɓaci, yana zaryar bayan gida. Wajen ƙarfe ukun dare ya kama hannun uwar yana roƙonta da Allah da Annabi ta bar shi ya fita, minti biyar kawai. Ta zauna a bakin ƙofa, ta jingina bayanta da ita, tana jan carbi tana kuka, ba ta tashi ba. Ta dama masa kunu, ya kurɓa ya amayar, ta sake damawa. Rana ta biyu da ta uku su ne masu tsanani. Zuwa mako guda mafi yawan azabar jiki ta lafa. Abin da ke daɗewa shi ne rashin barci, da kasala, da wani baƙin ciki da ke sa ka ji komai na duniya ba shi da ɗanɗano. Wannan kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Ba haukacewa kake yi ba, ƙwaƙwalwarka ce take koyon aiki da kanta. Ita kuma sha'awar da ke taso maka ba zato, yawanci kafin rabin awa take sauka idan ba ka biya mata ba. Ka tashi daga inda ta same ka, ka yi alwala, ka kira wani, ka kama wani aiki da hannunka har ta wuce.

Sai maganar benci, wadda a ganina ita ce ta fi duka wuya. A 1971 hukumomin Amurka sun firgita da suka gano cewa da yawa daga cikin ƙananan sojojinsu da ke yaƙi a Biyetnam sun kamu da jarabar hiroyin da danginta. Aka ɗora wa wata mai bincike, Lee Robins, aikin bin sawun waɗanda suka dawo gida. Kowa ya ɗauka ƙasar za ta cika da mashaya. Abin da ta gano ya ba masana mamaki: cikin waɗanda suka kamu a can, kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko, kuma bayan shekara uku adadin bai wuce kashi 12 ba. Mutanen nan ba wasu jarumai ne na daban ba. Sun bar wurin da hodar take da arha, sun bar abokan da suke sha tare, sun bar tsoron mutuwa na kullum, sun koma cikin iyali da aiki. Wurin zama da abokan zama suna da ƙarfin da ya fi rantsuwa.

Na san kai ba jirgin da zai kwashe ka. Idan kana da ɗan'uwa mai mutunci a wani gari da zai riƙe ka wata uku, ka tafi, babu abin kunya a ciki. Idan babu, to ka sauya taswirarka a cikin unguwar. Hanyar da ke bi ta gaban mai teburin nan, ka bar ta ko da kewayen zai ƙara maka tafiya. Ka goge lambar dila, in ya kama ka sauya layi. Mai shayin da kuka saba zama wurinsa ba shi kaɗai ke dafa shayi ba. Abokanka za su ce ka zama ustaz, za su ce kana wulaƙanta su, wani ma zai miƙo maka kyauta, abin da bai taɓa yi ba lokacin da kake nema. Ka gaishe su daga nesa, ka yi musu addu'a, ka wuce. Ranar da ƙafarka ta yi ƙarfi kai ne za ka dawo ka jawo wani daga cikinsu, amma ba yanzu ba.

Idan ka bar ƙwaya za ka tarar da wuni ya yi tsawo, kuma wannan sararin idan ba ka cike shi ba ita za ta dawo ta cike. Nan ne ake gina mutum. Ka sa wa ranarka ginshiƙai: sallar asuba a jam'i, wurin aiki ko da ba a biyanka tukuna, ƙwallo da yamma, kwanciya da wuri. Je wurin bakanike ko tela ko mai walda ko mai gyaran waya ka ce a bar ka ka riƙa miƙa kayan aiki. Karatun da yaƙi ya katse maka, ka nemi wanda zai koya maka karatu da rubutu da lissafi, ko da ƙaninka ne. Kada girman kai ya hana ka. Kai da ka tashi kana jin Hausa da Sango, wataƙila da Larabcin Cadi ko Fulatanci, idan ka ƙara da Faransancin rubutu da iya riƙe littafin shago, ka zama mutumin da 'yan kasuwa ke nema ruwa a jallo. Ka kuma yi wannan lissafin: a ce sefa 1,000 kake kashewa a rana kan ƙwaya da taba da abin da ke biye da su. A wata 30,000 ke nan, a shekara 365,000. Wannan jari ne. Kada ka riƙe kuɗin a aljihu, domin kuɗi a aljihun mai farfaɗowa fitina ne. Ka miƙa wa mahaifiyarka kowace yamma, ko ka shiga adashi.

Akwai kuma basussuka, na kuɗi da waɗanda ba na kuɗi ba. Wayar ƙanwarka da ka sayar, kuɗin cefanen da ka ɗauke, ƙaryar da ka yi wa maƙwabci. Kada ka tsaya jiran su manta. Je ka same su ɗaya bayan ɗaya, ka faɗi abin da ka yi da bakinka, ka fara biya ko da ɗari biyar-biyar ne. Kada kuma ka yi fushi idan ka wata biyu da dainawa amma har yanzu ana kulle ɗaki idan ka shigo. Shekaru ka yi kana koya musu tsoronka.

Mai yiwuwa ka zame. Ina faɗa maka tun yanzu don kada Shaiɗan ya yi amfani da ranar ya ce maka ai kai ba mai shiryuwa ba ne. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ce kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani kan sake komawa, kusan daidai da yadda hawan jini ko asma ke sake tasowa. Ba wanda ke cewa mai hawan jini ya daina zuwa asibiti don jininsa ya sake hawa. Amma ka riƙe wannan da kyau, domin maganar rai ce: bayan ka yi makonni ba ka sha ba, jikinka ba zai iya ɗaukar adadin da ka saba ba. Abin da a da yake sa ka caji kawai, yanzu yana iya tsayar maka da numfashi. Idan ka zame, ka faɗa wa wani a ranar, ka koma wurin likita a makon. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai sahabin da aka sha kawowa ana hukunta shi kan giya, har wani ya gaji ya la'ance shi. Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ita kanta giyar ba rana ɗaya aka haramta ta ba, mataki-mataki hukuncin ya sauko.

Labarin da na fi so ku riƙe shi ne na Abu Mihjan As-Saƙafi. Jarumi ne kuma mawaƙi, amma giya ta fi ƙarfinsa. A yaƙin Ƙadisiyya, shugaban rundunar Musulmi Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya sa aka ɗaure shi da mari saboda ita. Da ya ji yaƙi ya yi zafi sai ya roƙi Salma matar Sa'ad ta kwance shi, ya yi mata alkawarin idan ya rayu zai dawo ya mayar da ƙafarsa cikin marin. Ta kwance shi, ya hau dokin Sa'ad, ya yi abin da ya ba kowa mamaki. Ba yaƙin ne ya dame ni ba, unguwar nan ta ga yaƙi ya ishe ta. Abin da ya biyo baya nake so ku duba. Da dare ya yi, mutumin da ke da doki da takobi da sarari a gabansa ya juyo da kansa, ya zauna, ya mayar da marin. Da Sa'ad ya ji labari sai ya sake shi, Abu Mihjan kuma ya yi alkawarin ba zai ƙara sha ba. Wani zai ce ya yi sa'ar samun mace mai tausayi. Haka ne. Amma da ya gudu a daren nan, da tausayinta ya zama abin da-na-sani, da kuma ba wanda zai sake kwance wani.

'Yan matana, ban manta da ku ba. Naku ya fi ɓoyuwa, a ɗaki ake yi, cikin kwalbar lemo, a gidan biki, wani lokaci daga hannun ƙawa ko saurayi. Tsoron kada a ji, kada aure ya gagara, shi ke sa ki yi shiru har abin ya yi nisa. Ki nemi mace ɗaya mai riƙon sirri, inna ko yaya ko malama ko ungozoma, ki faɗa mata. Idan kina da ciki ko kina shayarwa, kada ki yanke da kanki kuma kada ki ci gaba a ɓoye, domin abin yana kaiwa ga jariri. Ki gaya wa ma'aikaciyar awo gaskiya.

Kada kuma wani ya ɗauka zai yi wannan tafiya shi kaɗai. A 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mashaya giya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gano cewa idan suka zauna suna gaya wa juna gaskiya suna iya kai dare ba su sha ba. Daga zaman mutum biyun nan ne ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, a 1953 kuma aka kafa irinta ta masu shan ƙwaya, yau suna ƙasashe da yawa. Ba sai kun jira wata ƙungiya ta zo da mota da allo ba. Ku uku ko huɗu da kuka ƙuduri niyya, ku sa rana a mako, ku zauna a zauren wani dattijo ko a harabar masallaci bayan isha'i. Kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance ba ƙarya, abin da aka faɗa kuma ya tsaya a wurin.

Unguwar nan ta san yadda ake buɗe hanyar da ta toshe. Akwai lokacin da ko gawa ba ma iya kaiwa makabartar Musulmi da ke unguwar Boeing, har ta kai ana binne mutane a cikin gidaje. Paparoma Francis ya zo babban masallacinmu ranar 30 ga Nuwamba 2015, duniya ta gani, zukata suka ɗan yi sanyi. Amma ziyarar ba ita ta kai mu makabarta ba. Mutanen unguwannin biyu ne suka yi ta zama, ana tashi baram-baram ana sake dawowa, har aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Fabrairun 2016. Iyayenku ne suka yi wannan, jininsu ne a jikinku.

Ku kuma 'yan'uwana masu shaguna da limamai da iyaye, idan takardar nan ta faɗo hannunku: yaron da ya zo ya ce ya daina, kada ku ba shi makullin shago, amma kada ku kore shi. Ku ba shi tsintsiya da buhu, ku sa masa ido, ku kira shi da sunansa na yanka. Ɗaure shi da sarƙa da duka ba ya cire jaraba, ƙiyayya yake ƙarawa.

Kai kuma ɗana, kada ka ce sai bayan salla, ko sai ka ƙarar da wadda ke aljihunka. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka zaɓi mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, ka same shi ka ce masa: "Ina shan ƙwaya, ina so in bari, ka raka ni asibiti." Allah ya ba ka ikon faɗa, ya kuma sa ka dace da mai saurare.